Sikeli Ba Ya Nuna Tsoka: Jagorar Iyaye Kan Kula da Jikin Yaro Mai Ciwon Zaizayewar Tsoka

Yaro mai ciwon zaizayewar tsoka sau da yawa ya fi sa'o'insa cikar ƙafa. Sha-raɓarsa a cike take, ga tauri, har wanda bai sani ba ya ce yaron nan ƙaƙƙarfa ne. Alhali shi ne ke faɗuwa a fili ba tare da tuntuɓe ba, shi ne na baya in yara sun yi tsere, kuma in ya zauna a tabarma sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya kafin ya miƙe. A wannan ciwo ido yana ruɗi, sikeli ma yana ruɗi, domin nauyin yaro na iya tsayawa daidai ko ya ƙaru, tsokar da ke ɗauke da shi kuwa tana raguwa. Na rubuta wannan jagora domin iyaye da duk mai jinyar irin wannan yaro, su san yadda za su gane halin da jikinsa ke ciki, su auna ƙarfinsa a gida, su tsare masa tsokar da ta rage. Zan fi tsayawa a kan nau'in da ya fi yawa a yara, wanda likitoci ke rubutawa Duchenne ko DMD, ana furta shi Dushen, sunan likitan Faransa da ya yi bayaninsa a shekarun 1860.

Abin da ke faruwa a cikin tsokar

Kowane zaren tsoka yana da wata fata siririya da ta lulluɓe shi. Akwai wani furotin mai suna distirofin da ke ɗaure wannan fata da cikin zaren, don kada ta yage idan tsoka ta tsuke ta saki. A ciwon Dushen jiki ba ya yin wannan furotin. A nau'in Beka, wanda ya fi sauƙi, jiki na yin sa amma gajere ko kaɗan, shi ya sa masu shi kan wuce shekara 16 suna tafiya. Masu bincike a birnin Boston na Amurka, ƙarƙashin Louis Kunkel, su suka gano ƙwayar gadon a 1986, suka gano furotin ɗin a 1987.

In babu distirofin, duk motsi yana ɗan yaga zaren. Jiki ya gyara, ya sake yagewa, ya sake gyarawa, har gyaran ya gagara. Daga nan sai kitse da tabo su zauna a gurbin zaren da ya mutu. Kamar katakon da gara ta cinye cikinsa ta cike gurbin da ƙasa: girmansa na nan, amma ba zai ɗauki kaya ba. Cikar sha-raɓar nan ke nan. Lalacewar kan fara daga tsokokin ƙugu da cinya, ta haura kafaɗa da damtse, a hankali ta kai ga tsokokin numfashi da zuciya.

Ƙwayar gadon tana kan kromosom X, wato ƙunshin gadon da namiji ke da guda ɗaya kacal daga uwarsa, don haka kusan maza ne kaɗai ke kamuwa, kusan ɗaya cikin jarirai maza 3,500 zuwa 5,000. In uwa na ɗauke da ita, kowane ɗanta namiji yana iya samu ko ya tsira, rabi da rabi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran kuwa a kansu canjin ya fara, babu kowa mai shi a dangi. Ko ta wace hanya ya zo, babu laifin uwa, kuma abin takaici ne a ga an bar ta da jinya sannan an ɗora mata zargi. Auren zumunci ba shi ke kawo Dushen ba, ko da yake akwai wasu nau'o'in zaizayewar tsoka da ke kama maza da mata, waɗanda suka fi yawa inda ake auren dangi.

Mataki na farko: a tabbatar da sunan ciwon

A wajenmu duk yaron da ƙafa ta gaza sai a ce shan inna ne. Shan inna kan zo farat ɗaya bayan zazzaɓi, yawanci ƙafa ɗaya ta fi ramewa, sannan ya tsaya a nan. Wannan kuwa sannu-sannu yake zuwa, tsakanin shekara 2 zuwa 5, yana kama ɓangarorin biyu daidai, kuma kullum gaba yake yi.

Ku kai yaron wurin likitan yara ku nemi gwajin jini na CK. Sinadari ne da ke tsiyaya daga tsokar da ta yage. A mai lafiya ba ya wuce 200 da wani abu, a ƙaramin yaro mai Dushen kuwa yakan haura 10,000. Akwai wani tarko a nan da ya kamata ku sani: sinadaran ALT da AST, waɗanda ake dubawa a gwajin hanta, su ma suna fitowa daga tsoka. Yara da dama an ɗauke su masu ciwon hanta saboda wannan, aka ɓata lokaci da kuɗi a inda ba ciwon yake ba. Gwajin ƙwayar gado shi ke yanke magana, in da halinsa a yi, domin shi zai nuna irin canjin, kuma da shi za a duba uwa da 'yan'uwa mata. Asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri, ko babban asibitin Yamai ga mutanen Nijar, su ne wuraren da za a samu likitan yara da sashen fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki da miƙa gaɓoɓi, a waje ɗaya.

Mataki na biyu: awon jiki, da yadda za a karanta shi

Ku samu littafi guda na yaron, ba a rubuta komai a ciki sai awonsa. A ganina babu kayan aikin da ya fi shi amfani a gidan, domin likita na ganin yaron sau biyu ko uku a shekara, ku kuwa kullum kuna tare.

Nauyi a auna sau ɗaya a wata, a sikeli ɗaya, da safe, da tufafi marasa nauyi. In ya daina tsayuwa, babba ya hau sikeli shi kaɗai, ya sake hawa ɗauke da yaron, a cire na farko daga na biyu. Tsawo a auna duk wata shida. In agara ta gajarce ko baya ya karkace, tsawon tsaye ba ya fita daidai, sai a koma awon ƙashin hannu da tef ɗin tela, daga tsinin gwiwar hannu zuwa ƙullin ƙashin wuyan hannu na ɓangaren ɗan ƙaramin yatsa. Likita yana da lissafin da zai mayar da wannan zuwa tsawo. Ku ƙara da kewayen ciki a daidai cibiya.

Yanzu ga wurin da ake kuskure. Lissafin BMI da ake yi a asibiti nauyi da tsawo kawai ya sani, bai san nawa ne tsoka nawa ne kitse ba. Yaro mai Dushen da BMI ya nuna yana daidai, sau da yawa kitsen jikinsa ya fi na sa'ansa mai nauyi iri ɗaya nesa ba kusa ba. Tef ɗin nan mai launi uku da ake naɗawa a damtse don gano tamowa shi ma zai iya nuna kore alhali abin da ya cika damtsen kitse ne. Ko tsungular fata da ake yi don auna kitse ba ta kama duka, saboda kitsen a cikin tsokar yake, ba a ƙarƙashin fata kaɗai ba.

Na'urorin da ke rarrabewa suna manyan asibitoci. DXA tana raba nauyi gida uku, kitse da tsoka da ƙashi, kuma ita ake auna ƙarfin ƙashi da ita. Hoton MRI yana nuna yawan kitsen da ya shiga kowace tsoka, kuma bincike ya nuna cewa gwargwadon yawan kitse a tsokar cinya, gwargwadon kusantar daina tafiya. Sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu ma yana taimakawa: tsoka mai lafiya duhu take fitowa, wadda kitse ya ratsa kuwa fari. Wanda bai samu waɗannan ba bai rasa hanya ba. Ku haɗa abu biyu ku karanta tare: in nauyi da kewayen ciki suna hawa da sauri, tsawo bai motsa ba, kuma tashi daga ƙasa yana ƙara wuya, to kitse ne ke ƙaruwa.

Wani abu da ya kamata ku tuna wa duk likitan da bai saba da ciwon ba: gwajin ƙoda na kiriyatinin ya dogara da yawan tsoka. A wannan yaro yakan fito ƙasa sosai, don haka yana iya ɓoye matsalar ƙoda. Gwajin sistatin C ya fi dacewa da shi inda ake yi.

Mataki na uku: awon ƙarfi a tsakar gida

Abin da yaro ke iya yi ya fi kowane awo faɗin gaskiya. Agogon wayarku ya isa. A yi duk wata uku, da safe bayan ya karya, a wuri ɗaya, ba ranar da yake zazzaɓi ko ya gaji ba, kuma babba na tsaye kusa da shi.

Na ɗaya, tashi daga ƙasa. Ya kwanta rigingine a tabarma, hannuwa a gefe. Ku ce tashi, ku danna agogo, ku tsayar lokacin da ya miƙe tsaye sosai. Ku rubuta daƙiƙoƙin, ku kuma rubuta yadda ya tashi: ya juya rubda ciki? Ya dafa gwiwa da hannu ɗaya ko biyu? Ya nemi bango? Wannan hawa kan jiki da hannuwa likitoci na kiran sa alamar Gowers, sunan likitan Ingila da ya bayyana ta a 1879. Na biyu, mita 10. Ku auna a fili mai laushin shara, ku ja layi biyu, ya tafi da iyakar saurin da ba zai faɗi ba. Na uku, hawa matakala huɗu in akwai, a rubuta ko ya riƙe ƙarfe.

Kafin shekara 7 lambobin kan iya gyaruwa, domin girman yaro yana rinjayar ciwon na ɗan lokaci. Kada wannan ya sa a ce ya warke a ajiye asibiti. Bayan 7 ne raguwa kan bayyana. In tashi daga ƙasa ya haura daƙiƙa 5, raguwar ta kama hanya. In mita 10 ta haura daƙiƙa 10 zuwa 12, yawanci tafiya na iya ƙarewa cikin shekara ɗaya ko biyu. Jin wannan ba daɗi, na sani. Amma sanin yana ba ku lokacin neman keken guragu da ya dace da jikinsa, gyara dokin ƙofa, yin magana da makaranta a mayar da ajinsa ƙasa, da shirya wa yaron zuciya, maimakon abin ya zo muku rana tsaka.

A asibiti likitan fisiyo zai iya yin awo mai faɗi da ake kira North Star, abubuwa 17 ne, maki 34 gaba ɗaya, da kuma nisan da yaro zai iya tafiya cikin minti 6. Ku nemi a rubuta muku sakamakon a littafinku.

Bayan tafiya ta tsaya awo bai tsaya ba, hannu ya koma. Ku duba ko yana ɗaga hannuwa biyu a miƙe su haɗu a saman kai, ko sai ya lanƙwasa gwiwar hannu. In hakan ya gagara, yana kai kofi cike da ruwa baki? In kofi ya yi nauyi, yana kai hannu baki? Yana riƙe biro ko ɗaukar tsaba daga tebur? Waɗannan su ne ke nuna ko zai ci abinci da kansa, ya yi rubutu, ya danna waya, kuma a wurin saurayi mai wannan ciwo babu abin da ya kai su daraja.

Mataki na huɗu: abinci

Tsoka tana ƙona kaso mai yawa na abin da muka ci, ko muna zaune. Yaron da tsokarsa ta ragu, motsinsa ya ragu, bai buƙatar abinci kamar na sa'ansa, ga kuma sitiroyid, maganin da ake ba shi don jinkirta ciwon, yana buɗe masa ciki. Tausayi kuwa yakan sa kowa a gida ya miƙa masa abin daɗi: kaka ta ba da alawa, kawu ya kawo lemon kwalba, uwa ta ƙara malmala. Duk kilo ɗaya na kitse da ya hau, tsokar nan mai rauni ce za ta ɗauke shi, da bayan uwar da ke ɗaga shi, da huhun da ke numfashi a ƙarƙashinsa. Hana ƙibar zuwa ya fi sauƙi nesa da sauke ta, domin yaron ba zai iya gudu ya ƙona ta ba. Don haka a fara gyara tun ranar da aka fara magani.

Abu na farko da za a cire shi ne sukari na sha: lemon kwalba, kunu da zoɓo da fura masu sukari da yawa, shayi mai kauri. Ruwa ya zama abin shansa, ya sha sosai, domin yana rage taurin bayan gida da ke damun yaran nan. A rage malmalar tuwo ko shinkafa, a ƙara miyar ganye: kuka, zogale, alayyahu, rama, kuɓewa, da mai kaɗan. A kowane cin abinci a samu mai gina jiki, wake ko alala ko dafaffen ƙwai ko awara ko kifi ko nono. Soye-soye kamar ƙosai da fanke da soyayyen dankali su zama na jefi-jefi. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano a rage, saboda sitiroyid na tara ruwa yana ɗaga hawan jini. In yunwa ta dame shi tsakanin abinci, a ba shi kokwamba, karas, gwaiba, kankana ko lemon zaƙi. Nono da kindirmo da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙashinsu da garin kuka duk suna da sinadarin kalsiyam da ƙashinsa ke buƙata.

Gidan duka ya ci irin wannan abincin. Ba adalci ba ne a ajiye wa ƙannensa lemo shi a miƙa masa ruwa. Kuma kada a sa shi yunwa don ya rame, jiki zai cinye tsokar da ta rage ne. Yawan nama ko garin gina jiki na 'yan ɗaga ƙarfe ba ya dawo da tsokar da ta tafi, magungunan ƙiba na kyamis kuwa cutarwa ce tsantsa.

Idan ya zama saurayi matsalar kan juya. Tauna da haɗiya su yi rauni, cin abinci ya haura rabin awa, ya riƙa ƙwarewa, nauyi ya fara sauka. A nan sai a koma abinci mai laushi mai maiƙo, kaɗan-kaɗan sau da yawa, yana zaune a miƙe, kuma a gaya wa likita da wuri, domin ramar da ba a nema ba kan nuna numfashi ko zuciya sun fara gajiya.

Mataki na biyar: miƙa gaɓoɓi da motsa jiki

Tsokar da tabo ya shiga gajarcewa take yi, ta ja gaɓa ta ƙage. Agara ce ta farko, shi ya sa yaron ke tafiya yana ɗage. Sau da yawa ƙagewar ce ke tsayar da tafiya tun ƙarfi bai gama ƙarewa ba, kuma ita ce abin da hannunku zai iya jinkirtawa. Ƙa'idar kulawa ta duniya da aka sabunta a 2018 ta ce a miƙa gaɓoɓi kwana 4 zuwa 6 a mako. Likitan fisiyo ya nuna muku da hannunsa tukuna, sannan ku ɗora a gida, an fi so bayan wanka da ruwan ɗumi.

Idon sawu: ya kwanta rigingine, gwiwa a miƙe. Ku tallafi diddigensa a tafin hannunku, tafin ƙafarsa ya kwanta a kan hannunku, ɗaya hannun ya danne saman gwiwa. Ku ja diddigen, ku tura ƙafar sama wajen kansa a hankali har ya ji ja, ba zafi ba. Ku riƙe daƙiƙa 30 zuwa 60, ku saki, sau uku kowace ƙafa. Kada a tura yatsu kaɗai, tsakiyar ƙafar ce za ta lanƙwashe agara ba ta miƙu ba.

Bayan cinya: yana rigingine, ku ɗaga cinya ta tsaya tsaye, sannan ku miƙe gwiwar sannu-sannu, ɗaya ƙafar na kwance. Gaban ƙugu: ya kwanta rubda ciki, hannu ɗaya ya danne ɗuwawu, ɗaya ya ɗaga cinyar daga ƙasa, a ɗan jawo ta ciki wajen 'yar'uwarta don gefen cinya ma ya miƙu. Kwanciya rubda ciki na minti 20 ko 30 yana karatu ita ma miƙa ce, matuƙar numfashinsa bai takura ba. Idan ya koma keke sai a ƙara gwiwar hannu, wuyan hannu da yatsu. Takalmin roba da ake sa wa dare don riƙe idon sawu yana ƙara amfani sosai, ana yin irinsa a sashen ƙera gaɓoɓi na asibitocin ƙashi kamar na Dala a Kano, kuma sai an sake shi in ƙafa ta girma.

Game da motsa jiki, mutane kan faɗa ɗayan rami biyu. Wasu su ce lalaci ne, a matsa masa ya yi gudu, ya yi tsallen kwaɗo, ya ɗebo ruwa. Wannan yaga tsoka yake yi. Mafi ɓarna shi ne aikin da tsoka ke riƙe nauyi tana miƙewa, kamar sauka daga bene, gangara tudu, tsuguno da tashi, da dirowa daga sama. Wasu kuma su kwantar da shi su hana shi komai, sai tsokar da ke da sauran rai ta mutu don rashin aiki. Abin da ya dace shi ne motsi mai sauƙi kullum: tafiya a fili, keke a wuri mai shimfiɗa, wasa da yara da damar hutu duk lokacin da ya so, iyo a ruwa mai tsabta tare da babba. In ya kwana da ciwon jiki ko washegari ya fi rauni, an wuce iyaka. In fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, tsoka ce ta fashe da yawa, a ba shi ruwa a tafi asibiti ranar.

Ku gaya wa malamansa, na boko da na allo, cewa faɗuwarsa da jinkirinsa ba gangan ba ne, kada a sa shi kamun kunne ko tsallen kwaɗo. Wasu daga cikin yaran suna da jinkirin magana ko wahalar karatu, shi ma daga ciwon ne. Masai na tsuguno a ɗora masa kujera mai rami. Sallah kuwa addini ya sauƙaƙa, wanda bai iya tsaye ba ya yi a zaune. In za a ɗaga shi kada a ja hannuwansa ko a kama ƙarƙashin hammata, kafaɗar ba ta da abin riƙewa, a tallafi ƙirji da cinya. Tsaga da ƙaho da tausa mai ƙarfi ba sa kai wa inda ciwon yake, wahala kawai suke ƙara masa.

Mataki na shida: sitiroyid, da abin da yake yi wa jiki

Har yanzu babu maganin da ke warkar da Dushen. Akwai sababbin magunguna da aka amince da su a Amurka daga 2016 zuwa yanzu, amma wasu na wani irin canjin gado ne kaɗai, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin mafi yawan mutane. Wanda ke hannu, kuma aka daɗe da tabbatar da amfaninsa, shi ne prednisolone, miligiram 0.75 ga kowane kilo a rana, ko deflazacort, miligiram 0.9. Akan fara tsakanin shekara 4 zuwa 6, kafin raguwa ta kankama. Yaron da ba ya sha yakan daina tafiya kafin shekara 13, mai sha kuwa yakan ƙara shekara biyu ko uku, kuma maganin yana jinkirta karkacewar baya da raunin numfashi.

Farashinsa a jiki shi ne ƙiba, kumburin fuska, jinkirin tsawo da balaga, raunin ƙashi, hawan jini, sukari, saurin fushi, wani lokaci yanar ido. Deflazacort bai kai prednisolone sa ƙiba ba. Saboda haka likita ne zai fara shi, bayan ya duba rigakafin yaron da batun tarin fuka, shi ne kuma zai gyara adadin in nauyi ya canza. Samunsa a kyamis ba takarda bai sa ya zama na shan kai ba. A sha da safe bayan abinci, a guji haɗa shi da ibuprofen ko diclofenac saboda gyambon ciki. Babban gargaɗi: kada a tsayar da shi farat ɗaya. Jikin da ya saba da shi ya daina yin nasa, yankewa kwatsam na iya kashewa. Kada ku bari ya ƙare a gida. In amai ya hana yaron shan sa har kwana guda, a kai shi a yi masa allurar sitiroyid mai suna hydrocortisone.

Ƙashi, zuciya da numfashi

Ƙashin da tsoka ba ta ja rauni yake yi, sitiroyid ya ƙara. A duba bitamin D sau ɗaya a shekara, yaron ya riƙa shan hantsi. Ciwon baya, ko kaɗan ne, yana buƙatar hoto, domin ƙashin baya kan ɗan rushe ba tare da faɗuwa ba. In ya karye a ƙafa, asibitin ƙashi za a nufa a gaya musu ciwonsa, don a zaɓi gyaran da zai tayar da shi da wuri. Kwanciyar makonni ta ɗori na iya zama ƙarshen tafiyarsa. In bayan faɗuwa ya rikice ko numfashi ya yi masa wuya, gaggawa ce, kitse na iya shiga jini ya kai huhu.

Zuciya ba ta nuna alama da wuri a yaron da ba ya gudu. A yi awon bugun zuciya na ECG da sikanin zuciya tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara. Likitoci kan fara maganin kare zuciya, irin enalapril ko perindopril, wajen shekara 10 ko da hoton bai nuna komai ba. Uwa mai ɗauke da ƙwayar gadon ita ma a duba zuciyarta.

Awon ƙarfin huhu ta hurawa a na'ura a yi shi sau ɗaya a shekara lokacin da yake tafiya, duk wata shida bayan ya koma keke. A gida ku lura da ciwon kai na safe, gyangyaɗin rana, yawan farkawa da dare, da tari marar ƙarfi. Ku nisanta shi da hayaƙin murhu da na maganin sauro, ku rufe masa hanci a ƙurar hunturu, a yi masa rigakafin namoniya, kuma ku nemi likitan fisiyo ya koya muku yadda ake danna ciki a taya shi tari.

Katin gaggawa

Ku rubuta kati guda, ɗaya a aljihun yaron ko jikin kekensa, hotonsa a wayar uba da ta uwa. A sa sunan ciwon kamar yadda likita ya rubuta, nauyinsa na ƙarshe, sunan sitiroyid da adadinsa da gargaɗin cewa ba a yanke shi, da magungunan zuciya. A rubuta cewa in za a yi masa aiki, ko ƙarami ne kamar kaciya ko cire haƙori, ba a ba shi allurar sassauta tsoka mai suna suxamethonium, kuma a guji iskar sa barci irin halothane, domin suna iya fasa tsoka su tsayar da zuciya. A rubuta cewa in numfashi ya gaza, iskar oksijin ita kaɗai na iya danne numfashinsa, sai da lura da taimakon na'urar hura iska. A ƙara cewa hawan CK da ALT da AST daga tsoka ne. A ƙasa lambar likitansa da ta mutum biyu na gida, kuma a sabunta katin duk lokacin da aka canza adadin magani.